MATAMBAYI BA YA ƁATA: YADDA WAYARKA KE NEMO SHAFUKAN INTANET DA SUNA

(Jawabin da wani ɗalibi ɗan Wurno ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na ɗaliban Wurno, Rabah da Goronyo)



Kafin in ce kome, wajibi ne in gode wa shugabannin wannan ƙungiya da suka ba ni damar tsayawa a gabanku, alhali kuwa akwai waɗanda suka fi ni sani zaune a nan. Ni ɗalibi ne kamar kowa. Abin da zan faɗa, wani na tsinto shi a aji, wani kuwa a gida ya same ni. Inda na yi kuskure, ga malamai nan sai su gyara mini.

A hutun da ya wuce ina gida Wurno, ana tsakiyar cire albasa, sai Baffana ya aiko a kira ni da sassafe. Na tarar da shi a zaure, waya a hannu, ransa a ɓace. 'Yarsa, watau ƙanwata, tana son ta duba ko an ba ta gurbin karatu, kwana biyu kuma suka rage a rufe karɓar amsa. Ya ce, "Kai ɗan boko, duba mini wannan abu. Sau biyu ina sayen data, ga sandunan sabis a cike, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Ko dai mota za mu hau mu tafi Sakkwato?" Na ce, "Baffa, a ba ni in gani tukuna."

Da na bincika, sai na tarar wani yaro mai cajin waya ya rubuta masa wani baƙon suna a can cikin saitin wayar, ya ce masa wai da shi zai riƙa samun data kyauta. Na goge sunan, nan take shafin ya buɗe. Baffa ya dube ni ya ce, "To, me ka taɓa?" Wallahi na yi ta kame-kame, na kasa yi masa bayanin da zai gamsar da shi. Jawabina na yau, amsar tambayar Baffa ce, bayan na koma na yi nazari.

SUNA DA LAMBA

Jama'a, abu na farko da ya kamata mu sani shi ne, kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lambar adireshi. Tsohon tsarin lambobin, wanda har yau ake aiki da shi, gungu huɗu ne na alƙaluma da ɗigo a tsakaninsu, kowane gungu daga 0 zuwa 255, kamar 8.8.8.8. Wannan tsari yana ɗaukar adireshi wajen biliyan 4.3, da suka yi wa duniya kaɗan sai aka ƙara wani sabo mai dogayen lambobi. Ɗan Adam kuwa da suna ya saba. Wa zai iya haddace lambar kowane shafi da yake ziyarta, alhali lambar wayar mahaifiyarsa ma sai ya duba? Saboda haka dole a sami mai fassara tsakanin sunan da muke rubutawa da lambar da na'ura ke ganewa. Wannan aiki shi ne na tsarin sunayen intanet, wanda duniya ta sani da haruffa uku, DNS.

Da farko ba haka abin yake ba. Lokacin da aka kafa ARPANET a Amurka a 1969, wadda ita ce kakar intanet, cibiyoyi huɗu kacal aka haɗa. Da suka ƙaru, sai aka buɗe kundi guda mai suna HOSTS.TXT, inda ake rubuta sunan kowace kwamfuta da lambarta. Wata mata mai suna Elizabeth Feinler da ma'aikatanta ne ke riƙe da shi a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya. Mai son a sa sunan kwamfutarsa sai ya tuntuɓe su, sauran jama'a kuma su riƙa kwafe kundin lokaci lokaci. Ku ƙaddara a ce duk sunayen mutanen ƙasar Sakkwato a littafi ɗaya suke, a hannun magatakarda ɗaya, kowa ya yi haihuwa ko ya sake gida sai ya je gare shi. Ai ba a daɗe ba kundin ya fi ƙarfin masu riƙonsa. A 1983 wani masani, Paul Mockapetris, na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ya fito da dabarar da muke amfani da ita har yau, watau a rarraba kundin, kowa ya riƙe na yankinsa.

YADDA AKE TAMBAYA

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gare mu, don kuwa haka sarautarmu take tun zamanin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna a ribaɗinsa na Wurno. Sarki bai san ƙofar gidan kowane talaka ba, amma ya san hakimansa. Hakimi ya san dagatai, dagaci ya san masu unguwanni, mai unguwa kuwa shi ya san gida gida. A ce baƙo ya taso daga Katsina yana neman wani malami a wani ƙauyen Goronyo. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, don haka sai ya sauka wurin mai masauki, shi kuwa ya tashi ɗan jagora. Ɗan jagora ya je fada, a ce masa, "Ba mu san gidan ba, amma ƙasar hakimi wane ce." Ya je wurin hakimi, a tura shi ga dagaci, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa ya nuna masa ƙofa. Sa'an nan ya komo ya kama hannun baƙo ya kai shi.

To, mu ɗauki sunan shafin jami'armu, udusok.edu.ng, mu ga yadda wannan ke faruwa. Sunan intanet daga dama ake karanta shi zuwa hagu, kamar dai yadda muke rubuta adireshi a bayan ambulan, inda ƙasa ke zuwa a ƙarshe. Kalmar ng ita ce Nijeriya, edu ɓangaren manyan makarantu ne a cikinta, udusok kuwa gidan Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne a wannan ɓangare.

Idan ka rubuta sunan, wayarka ba ta zuwa yawon tambaya da kanta. Akwai wata kwamfuta da aka naɗa mata a matsayin ɗan jagora, galibi ta kamfanin da ya sayar maka da layi. Ita wannan kwamfutar jagora sai ta fara da tushe, watau fadar tsarin duka. Tushen yana da adireshi 13, masu haruffa daga A zuwa M, ƙungiyoyi 12 ne ke gudanar da su, amma kwamfutocin da ke amsawa da waɗannan adireshi sun haura dubu, suna warwatse a duniya, har da nan Afirka. Tushe zai ce, "Ban san udusok ba, amma ga masu riƙe da ng." Masu riƙe da ng su ce, "Ga kwamfutar da jami'ar ta wakilta ta riƙe mata sunanta." Ita wannan ta ƙarshe ita ce mai unguwa, ita ke ba da lambar. Duk wannan kai da kawowa, yawanci ba ya cika daƙiƙa guda.

Daɗin daɗawa, ɗan jagora yana da tunani. In ya kai baƙo ɗaya gidan malam yau, gobe ba sai ya sake zuwa fada ba. Kowace amsa tana zuwa da wa'adinta a ƙidayar daƙiƙoƙi, kwamfutar jagora ta ajiye ta har wa'adin ya cika, sa'an nan ta sake tambaya. Wannan shi ya sa wani lokaci idan shafi ya yi ƙaura zuwa sabuwar lamba, abokinka zai buɗe shi lafiya lau, kai kuwa naka jagoran yana ta kai ka kango.

Game da sunan ƙasarmu, an keɓe wa Nijeriya ng a 1995, ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ita ke riƙe da rajistarsa. Maƙwabtanmu na Nijar nasu ne. Can sama kuwa, hukumar ICANN da aka kafa a 1998 ita ke kula da jerin waɗannan sunaye na ƙoli.

IDAN JAGORA YA ƁACE

'Yan'uwa, ba a san amfanin ɗan jagora ba sai ranar da aka neme shi aka rasa. Da yawa daga cikinmu za su tuna yammacin 4 ga Oktoba, 2021, lokacin da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya a duniya wajen awa shida. Wani kuskure ne aka yi a lokacin gyara a cikin kamfanin, ya yanke hanyar zuwa ga kwamfutocin da ke riƙe da sunayensu. Gidajen suna nan, amma mai unguwa ya ɓace, duk wanda ya zo tambaya sai ya koma hannu rabbana.

Amma kada mu ɗora wa tsarin sunaye laifin da ba nasa ba. Mu mutanen gabashin Sakkwato mun ga wani iri dabam. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta sa aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14, Rabah da Goronyo suna ciki. A irin wannan hali turakun sadarwa ne suka yi shiru, watau hanyar ce aka toshe, babu kuwa wani saiti da za ka taɓa a wayarka ya buɗe ta. Saboda haka mai hankali yakan fara rarrabewa: hanya ce ta yanke, ko jagora ne ya ɓace? In kana da kwamfuta, gwajin mai sauƙi ne. Ka buɗe baƙar tagar ba da umarni, ka rubuta ping 8.8.8.8. In amsa ta dawo, amma sunayen shafuka sun ƙi buɗewa, to hanya lafiya take, jagoranka za ka tuhuma.

INA SAITIN YAKE?

Yanzu sai mu zo ga abin da na taɓa a wayar Baffa. Ina roƙon mai waya a hannu ya fito da ita mu duba tare. Da yake da Ingilishi aka rubuta yawancin wayoyinmu, zan faɗi kalmomin kamar yadda za ku gan su.

A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, ka shiga Settings, ka rubuta DNS a gurbin bincike da ke sama, za ka ga Private DNS. Wannan saiti ya fara zuwa ne da Android 9 a 2018, wayar da ta girmi haka ba ta da shi. A ciki akwai zaɓi uku. Na farko a kashe, na biyu Automatic, watau ka bar wa wayar ta bi jagoran da kamfanin layinka ko mai Wi-Fi ya ba ta, na uku kuwa gurbi ne da za ka rubuta sunan jagoran da kai ka zaɓa. A nan suna ake rubutawa, ba ya karɓar lamba. Ku lura da kyau, in ka cika wannan gurbi na uku, wayar ba za ta tambayi kowa ba sai wanda ka rubuta. In ya daina amsawa, to kai da shafukan intanet sai haƙuri, ko da datarka ta kai ta shekara. Abin da ya sami Baffa ke nan.

A iPhone, ka shiga Settings, sa'an nan Wi-Fi, ka taɓa ƙaramin harafin i da ke gefen sunan layin da kake kai, ka gangara zuwa Configure DNS. Wannan ya shafi wancan layin Wi-Fi ɗin ne kaɗai.

A kwamfuta mai Windows, ka buɗe tagar umarni ta hanyar rubuta cmd, sa'an nan ka rubuta ipconfig /all, ka nemi layin da aka rubuta DNS Servers. Lambar da ke gabansa ita ce ta jagoranka. In ka rubuta nslookup udusok.edu.ng, za ta nuna maka wanda aka tambaya da amsar da ya bayar. In kuwa kana zaton kwamfutarka ta riƙe tsohuwar amsa, ipconfig /flushdns zai sa ta manta, ta tambaya sabo.

Masu rauta ko ƙaramar na'urar MiFi a ɗaki, sau da yawa za ku ga lambar jagoran ta fara da 192.168. Wannan rautar ce kanta, ita ke karɓar tambaya ta miƙa gaba. A jikinta akwai takarda mai adireshin shiga da kalmar sirri. Ku shiga ku duba, ku kuma sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kanti, don duk wanda ya shiga rautarku ya sauya jagora, ya sauya wa duk mutanen ɗakin.

Akwai sanannun jagorori na kyauta da kowa ke iya zaɓa. Google ya buɗe nasa a 2009, lambarsa 8.8.8.8, sunansa dns.google. Quad9 ya zo a 2017, lambarsa 9.9.9.9, sunansa dns.quad9.net, shi yakan ƙi kai mutum shafukan da aka san na ɓarna ne. Cloudflare ya buɗe nasa a 2018, lambarsa 1.1.1.1, sunansa one.one.one.one. Ban zo tallan ko ɗaya ba. Wanda wayarsa ke aiki lafiya, ya bar ta a Automatic ya huta.

AMANAR JAGORA

Shugaban taro, a nan ne nake son in ɗan daɗe, don nan ne zuciyar maganar. Jagora amana ce. Duk sunan shafin da ka nema, shi ne farkon mai ji. Ya san ka nemi banki da safe, ka nemi shafin asibiti da rana, ka nemi wani abin da dare. Asalin tsarin ma a fili tambayar ke tafiya, wanda ke kan hanya yana iya saurare. Saitin Private DNS yana rufe ta tsakaninka da jagoran, amma shi jagoran kansa yana ji. Saboda haka wanda ya rubuta sunan da bai san mai shi ba a wannan gurbi, ya ɗauki sirrinsa ne ya damƙa wa baƙo.

Abin da ya fi wannan muni, mugun jagora yana iya kai ka gidan da ba shi ka nema ba. Ka ce banki, ya kai ka rumfar ɓarayi da aka yi wa fenti irin na banki. Wannan ya taɓa faruwa. A watan Nuwamba na 2011 hukumar FBI ta Amurka ta bayyana kama wani gungu da ya yaɗa wata muguwar manhaja mai suna DNSChanger, wadda ta sauya wannan saiti a kwamfutoci wajen miliyan 4 a duniya, tana karkatar da mutane zuwa inda masu ita ke samun kuɗi. Shi ya sa in ka buɗe shafin da ka saba da shi, manhajar bincike ta yi maka gargaɗi cewa shaidar shafin ba ta inganta ba, kada ka yi gardama. Ka koma baya.

Hukumomi ma sun san ƙarfin jagora. A watan Maris na 2014, da gwamnatin Turkiyya ta toshe Twitter, da farko ta hanyar jagororin kamfanonin ƙasar ta bi, aka hana su faɗin lambar shafin. Mutane suka riƙa rubuta 8.8.8.8 a bango don wasu su gani su sauya. Ba a daɗe ba aka tare wannan hanyar ita ma. Darasin da ke nan shi ne, sauya jagora yana da iyaka. Ba ya ba ka data kyauta, ba ya ƙara wa turken garinku ƙarfi, ba ya kuma ɓoye ka daga kowa da kowa. Duk wanda ya ce maka yana yin ɗayan waɗannan, ko dai bai sani ba, ko yana da wata manufa.

Akwai kuma yaudarar da ba ta buƙatar taɓa saitinka ko kaɗan, ita ce kuwa ta fi cin ɗalibai. Kullum ana turo mana saƙonni a zaurukan WhatsApp, wai ga tallafin karatu, ga ɗaukar aiki, a shiga nan a cika. Maganin wannan shi ne karatun da muka yi ɗazu, daga dama zuwa hagu. Ka dubi adireshin, ka tsaya a karan tsaye na farko mai jirge, ka karanto baya. Shafin hukumar JAMB shi ne jamb.gov.ng, ƙarshensa gov.ng, ɓangaren da aka keɓe wa hukumomin gwamnati. Amma a ce ka ga jamb.gov.ng.example.com (na yi amfani da example.com ne don suna ne da aka ware musamman saboda misali). Mai gaggawa zai ga farkon ya amince. Mai karatu daga dama zai ga gidan na example ne a unguwar com, sauran duk ado ne mai gidan ya rataya a ƙofarsa, don kowa yana da ikon rubuta abin da ya ga dama a hagun sunansa. Kama da wane ba ta wane. Haka nan a kula da harafi ɗaya da aka sauya, ko sifili a gurbin harafin o.

KAMMALAWA

'Yan'uwana, mu da Allah ya ba damar zuwa jami'a, mu ne ake miƙo wa waya idan mun koma gida. Manomin shinkafa a bakin madatsar Goronyo, da mai sayar da tafarnuwa a Wurno, da tsohuwar da ɗanta ke turo mata kuɗi daga Legas zuwa Rabah, duk sun shiga intanet, sun kuwa shige ta a matsayin baƙi. In ba mu san inda saitin yake ba, wanda bai kai mu sani ba zai taɓa musu shi, kamar yadda aka yi wa Baffa. Shi nasa ya zo da sauƙi, kuɗin data biyu ya yi asara. Da sunan da aka rubuta masa na ɓarayi ne masu amsawa, da wataƙila kuɗin albasar bana ne za a yi magana a kai.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Kowa ya duba saitin wayarsa yau, ya san wanda ke yi masa jagora. Kada ya bari a rubuta masa sunan da bai san mai shi ba. Ya kuma koya wa mutum ɗaya a gidansu karanta adireshi daga dama kafin ya sa lambar katinsa ko ta asusunsa. Rigakafi ya fi magani.

Ga masu son jin ƙarshen labari, ƙanwata ta sami gurbinta, ta kuma amsa kafin a rufe. Baffa kuwa yana nan yana jiran bayaninsa, in Allah ya kai mu hutu zan kai masa.

 Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.